Tanderu Biyu a Gidan Mutum Ɗaya

Kin zo neman shawara a kan ƙaro tanderun lantarki na biyu, wai don ke da ƙanwarki ku daina jiran juna wajen gashi. To, Talatu, ni ba zan ce ki saya ba, ba kuma zan ce ki fasa ba. Amma ajiye wayar nan tukuna ki ji wani misali.

An yi wata dattijuwa mai gurasa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, mata suna gidajen aurensu, maza sun tafi neman abinci, gida ya yi mata faɗi. Abin da ya rage mata shi ne tanderunta na yumɓu guda ɗaya a gindin katanga. Maƙwabciyarta kuwa, wata matar aure mai ƙuruciya, ita ma gurasar take yi, amma ba ta da tanderu. Mijinta ba mai barin fita ba ne, sai dai saboda sana'a ya yarda ta riƙa ɓullowa ta wata 'yar kafa da ke jikin katanga kullum da safe, kwanon kwaɓi a ka, damin kara a hammata. Kin san halin tanderu, ba ya ɗaukar mutum biyu lokaci ɗaya. Sai an ƙona kara a ciki ya ɗau zafi, ɗaya ta jiƙa hannu ta mammanna nata a jikinsa, ta rufe, ta ɓamɓare, sannan ɗayar ta matso. Mai jiran kuwa ba zaman banza take ba. Tana kan kifaffen turmi tana mulmula kwaɓin 'yar'uwarta tana miƙa mata, baki na tafiya. A nan ake jin wa ta haihu, wa ta yi yaji, ciwon gwiwar wa ya tashi. A nan kuma ake faɗa, don dattijuwar Allah ya zuba mata mita. Kullum yarinyar nan ta cika nawa, kullum ta bar tanderu ya huce, kullum karanta ɗanye ne ya cika wa mutane ido da hayaƙi. Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Inna, a yi haƙuri," gobe ma a sake.

Ran nan mitar ta kai dattijuwa ga kiran maginiya, aka kafa mata tanderu na biyu. Saboda kada hayaƙi ya haɗu, sai aka kai shi can ɗaya kusurwar tsakar gida. Ranar farko har da murna, don kafin rana ta yi zafi kowa ta gama. Sai dai yanzu kowa tanderunta ta fuskanta, sun ba juna baya, gurasa kuwa ba ta yarda a waiwaya, kina juya kai ta ƙone. Hira ta koma ɗaga murya daga nesa, ɗaga murya ta gajiyar da su, ta koma gaisuwa da sallama. Ba a jima ba mijin yarinyar ya duba ya ce, tunda kowa da wutarta kowa da karanta, mene ne na jigilar kwaɓi gidan mutane? Ashe ma kafa tanderu ba wuya. Ya kira maginiyar nan ta yi wa matarsa nata, ya kwaɓa ƙasa ya toshe kafar katanga, da ma awaki sun dame shi. Ba a yi faɗa ba. Babu wanda ya zalunci wani, shi ya sa ma babu wanda za a ba haƙuri.

Dattijuwa ta gwada hura biyun ita kaɗai, tana kaiwa tana komowa da gwiwar nan tata, na nan ya ƙone kafin ta ɓamɓare na can. Ta haƙura ta bar sabon, ƙarshe kaza ce ta samu wurin ƙwai. Kullum da safe tana jiyo ƙarar manna gurasa ta bayan katanga, tana ganin hayaƙi na tashi, wani lokaci har dariyar yarinyar take ji. Kewa ta ishe ta. Ta sha ɗaukar mayafi za ta zagaya ta ƙofar gida, sai ta tsaya a zaure tana tambayar kanta, in ta shiga ta ce me ya kawo ta? Mace mai shekarunta ba ta shiga gidan sa'ar 'yar cikinta ta ce, na zo ne don ba ni da abokin magana. Ita ma yarinyar tana son zuwa, amma ba ta da dalilin da za ta faɗa wa miji. Abin da ya rage musu shi ne, "Inna, an tashi lafiya?" ta saman katanga, a amsa, "Lafiya lau," shi ke nan. Da wuri take gama gashi yanzu, yadda ta so, babu mai ɓata mata lokaci. Sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna, rana ta yi ta tafiya har la'asar, ba wanda ya shigo.

Abin da ya fi ba ni haushi da ita, har ta bar duniya cewa take katangar ce ta raba su. Ba ta taɓa gane cewa jiran nan da take mita a kansa shi ne zumuncin ba. Saboda haka ki duba da kyau abin da ke zaunar da ƙanwarki kusa da ke kafin ki kawar da shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira, aka rasa ido.