Ƙaron Gogen Kawu

Har yau in na ji ƙanshin ƙaro, Kawu Isa nake gani yana goga shi a izgar gogensa.

Wata la'asar ce a harabar makarantarmu a Ƙaura Namoda. Kawu da abokansa su huɗu suka saba kiɗa: goge, kalangu biyu da ƙwarya. Ranar sai ga na biyar, wani matashin malami da piyano mai batir da kiɗan da ya tsara da kansa. Dattawa suka hau gunaguni, wani har ya miƙe yana neman takalmansa.

Kawu ya ɗaga gogensa. Ya buɗe da tsohon taken manoma, har mai takalman ya koma ya zauna. Ana tsakiyar taken ya ɗaga wa malamin gira. Piyano ya shigo a hankali, goge ya rage murya ya bi bayansa, kuma ba wanda ya sake motsi.

A hanyar gida na tambaye shi ko bai ji tsoro ba.

"Ɗiyata," in ji shi, "shi ma taken ga, ranar da aka fara kaɗa shi an yi gunaguni."

Yau kiɗan malamin nan 'ya'yana suke kira kiɗan tsofaffi.