Ɗan Ƙaramin Makulli

"Da ya faɗa mini injin ya lalace, da ban bari ya taɓa shi ba," in ji manajan masaƙa. Yana zaune gaban matar ma'aikacin da injin ya kashe.

Ba ta ɗago kai ba. "Ya faɗa, ranka ya daɗe. Sau bakwai. Ni nake rubuta masa."

"Ban ga komai ba."

"A akwatin ƙorafi yake sakawa, na ƙofar ofishinka."

Manajan ne ya kafa akwatin da hannunsa, har aka tafa masa.

Ya laluba aljihu, ya fito da makullansa. Ga ɗan ƙaramin nan, wanda shekara uku ke nan yana mamakin na ina ne.