Motar Suruki da Bokitin Ruwa

Ke da kike ta cewa sai gobe za ki faɗa, matso ki ji. Wani mutum ne ya ari motar surukinsa, baƙa wuluk mai sheƙi, zai kai matarsa suna. Wajen fitowa daga lungu sai katanga ta kwarzane masa ƙofar baya, farin layi zar, kamar an ja alli. Hankalinsa ya tashi: da wane baki zai gaya wa baban matarsa, mutumin da ko ido ba ya haɗawa da shi? Ya ɗebo ruwa ya watsa a wurin don ya ga iyakar ɓarnar, sai layin ya ɓace ɓat! Ashe muddin fentin na jiƙe, tabon ba ya nunawa. Da suka dawo daga suna, gogan naki ya kai motar ƙofar gidan suruki, ya nannaɗe hannun riga, ya hau wanki, wai ladabi. Da ya ji takun tsoho, sai ya sheƙa wa ƙofar cikakken bokiti, ya zube ƙasa gaisuwa.

Abin da ya manta, tsohon nan shekara talatin ya yi yana fentin mota. Kallo ɗaya ya yi wa ƙofar da ta fi sauran jiƙewa, ya gyara zama a tabarma, ya ja murya: “Ina gajiya? Ya mai jego? Ya Baffanka na ƙauye, ƙafar tasa da sauƙi? To, su awaki fa?” Ga rana tsaka, ga bokiti can nesa, kuma ba a miƙewa suruki na magana. Yana “Lafiya lau, Baba,” yana satar kallon ruwa na ƙafewa. Kafin a gama tambayar awaki, layi ya fito fes. Tsoho ya tashi, ya lakato man goge fenti a tsumma, ya murza a hankali, zagaye-zagaye. Ko minti goma ba a yi ba ƙofa ta koma madubi. Ya ce, “Tabon da ruwa ke ɓoyewa a saman fenti kawai yake, ɗana. Da ka faɗa tun farko, da ba ka jiƙa wandonka ba.”

Har yau in ya zo aron mota, sai tsohon ya tambaye shi ko a haɗa masa da bokiti. Hausawa sun gama magana: ƙarya fure take yi, ba ta ’ya’ya.