Yaron Da Aka Yi Wa Makoki Yana Raye

Tun ranar da likita ya gaya wa Darlene Pruitt cewa ɗanta Wesley yana da larurar galahanga, ta bar neman abin da zai taimake shi, ta koma neman wanda za ta ɗora wa laifi. Yaron ba ya magana, ba ya haɗa ido da mutum, ƙarar injin wanki ma takan sa shi toshe kunnuwa yana ihu. A wani zauren iyaye na intanet aka ce mata ai allurar riga-kafin ƙyanda ce ta jawo. A nan kuma ta samu lauya, Mista Hadley, mai taushin murya da tsadaddun takalma.

"Ki ba ni labarinsa kafin allura da bayanta," in ji shi. "Kotu so take ta ji abin da kika rasa."

Darlene kuwa ta iya ba da labari. Ta ba lauya, ta bayar a coci, ta ba direbobin manyan motoci tana zuba musu kofi a gidan abincin da take aiki. Kullum maganar ɗaya ce: "Ɗana lafiyayye ne, mai fara'a. Suka yi masa allura, suka raba ni da shi. Wannan da kuke gani ba shi na haifa ba."

Sau da yawa tana wannan bayani a waya, Wesley na zaune daf da ƙafarta yana jera motocinsa na wasa.

Mahaifiyarta Lorraine, da suke gida ɗaya, ta gaji da ji. "Darlene, yaron nan fa yana jin ki."

"Haba Mama! Ko 'ruwa' bai taɓa ce min ba, yau kuma ya zama ɗan jarida?"

"Rashin magana daban, rashin ji daban. Kin kai shi wurin malamar koyon magana?"

"Ranar muna da ganawa da lauya."

"Wancan makon ma lauya. Shi lauyan ne zai buɗe masa baki?"

"In muka ci shari'ar nan, malamai goma zan ɗauko masa."

Tsohuwa ta yi tsaki, ta ɗauki sandarta. Ita ta riƙa jan yaron a motar haya zuwa wurin malamar, duk ranar da gwiwoyinta suka bar ta. A can aka ba shi wata ƙaramar kwamfuta: in ya taɓa hoto, ta faɗi sunan abin da ke jiki, daga baya ya fara haɗa haruffa. Darlene ko sau ɗaya ba ta zauna ta duba ba. A ganinta abin wasa ne, ita kuwa tana da babban yaƙi a gabanta.

Shari'a ta yi ta ja, kamar yadda ta saba. Dusar ƙanƙara ta zo ta wuce, ta sake zuwa, Wesley ya yi tsawo, takalma suka yi ta matse shi, uwarsa na nan tana jiran ranar sauraro.

Da ranar ta zo, abin da ya kayar da ita daga hannunta ya fito. Likitocin da kotu ta saurara sun kalli bidiyoyin gida da ita da kanta ta miƙa. Ga Wesley yana jariri, watanni kafin allurar, ana ta kiran sunansa bai juyo ba, idonsa na kan fanka. Alƙali ya yi mata bayani cikin ladabi: an yi bincike a kan ɗimbin yara a ƙasashe daban-daban, ba a samu alaƙa tsakanin allurar da larurar ba. Ya kori ƙarar. Mista Hadley ya zuge jakarsa, ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma jirgi na jiransa.

Washegari da rana tana zaune a kicin, waya a kunne, tana yi wa wata ƙawarta ta zauren kuka. "Sun kashe min ɗa, sun kuma ce ba su yi ba!"

Sai ga Wesley, wanda ya kai shekara tara a lokacin, ya shigo riƙe da kwamfutarsa. Bai taɓa kawo mata ita ba. Ya danna, muryar na'urar ta ce, "Mama, yi haƙuri."

Ta ajiye wayar. Ba ta ma san ya iya haɗa magana ba.

Ya sake dannawa. "Yi haƙuri ba su dawo miki da shi ba."

"Da wa, ɗana?"

Ya daɗe yana dannawa. "Ɗanki na gaske. Mai kyau ɗin."

"Wesley, ai kai ne ɗana! Kai ne!"

"A'a. Kin faɗa."

Ya rungume kwamfutarsa, ya wuce ɗakin kakarsa ya rufe ƙofa. Darlene ta durƙusa a bakin ƙofar tana roƙo. Har yau yakan yi hira da kakarsa, yakan yi da malamarsa, amma da uwarsa ta shigo sai ya kifa kwamfutar.

Iyaye, mu yi hattara. Riga-kafi ba ya jawo galahanga, kuma mai kwaɗaita mana diyya ba shi zai rayu da ɗanmu ba. Yaron da ba ya magana yana jin duk abin da muke faɗa a kansa, kulawarmu yake bukata tun yau, ba makoki ba.