Jar Takardar Tanko Guduma

Tun da aka kafa dokar gwajin lafiya, ba mai shiga filin dambe sai ya tofa yawu a 'yar takarda ta yi kore. Ta Tanko Guduma ta yi ja.

"Baba, abin da ke manne naman zuciyarka ba shi da ƙarfi," in ji ma'aikaciyar gwajin. "Gado ne. Kwance hannun."

"'Yar nan, shekara ashirin gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba!"

"Takarda ba ta zuwa kallon dambe."

Ya waiga neman Mamuda makaɗinsa ya zo ya ba da shaida, sai ya jiyo kalangu daga cikin fili. Taken shi Tanko ne, wanda ya gada wurin ubansa, Mamuda ke kaɗa wa wani mai koriyar takarda.