Kwabon da Ba a Huda Ba

Ga misali ga duk wanda hannunsa ke riga kunnensa. An yi wani mai gyaran keke a Sabon Garin Zariya, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Ko cokalin baƙo ya gani a lanƙwashe, sai ya karɓa ya miƙe shi kafin ya amsa gaisuwa. Matarsa ta yi jinya ta rasu, ba ta bar wani abin a zo a gani ba sai gwangwanin tsofaffin kwabbai na zamanin Turawa, masu huda a tsakiya, da ta gada wurin kakarta. Kafin ta cika ta ce masa gwangwanin na 'yarsu ne da ke aikin asibiti a Gusau, ya adana mata shi yadda yake har ta zo. Da aka share makoki gida ya yi masa faɗi. In ya dawo daga rumfa babu mai yi masa tsiyar baƙin mai a riga, sai ya zazzage kwabban a tabarma ya yi ta juya su, don har lokacin gwangwanin na ƙamshin turarenta. Da haka sha'awar abin ta shige shi, har ya nemi wani tsoho, ma'aikacin jirgin ƙasa mai ritaya da ya daɗe yana tara tsofaffin kuɗi, ya roƙe shi ya koya masa. Tsohon nan ba ya magana sai ya gyara murya, ya sauko da tabarau kan karan hanci, sannan ya jawo kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi: "Lahani, malam, iri biiiyu ne." Ranar na farkon kawai ya koya masa, wato raunin da kwabo ke samu a hannun mutane: wanda ya lotse, wanda aka karce, wanda ƙasa ta ci. Aka kira la'asar, ya ce na biyun sai gobe. Mai gyara ya koma gida yana jin kansa rabin gwani, ya jera kwabban yana duba su kamar sabon likita, sai ya ci karo da wani da ba shi da huda sam. Tauraro na nan, rubutu na nan, amma tsakiyarsa a toshe, sumul. Ya ce a ransa, kai, wannan ai aikin da ba a ƙarasa ba ne, ina ni ina miƙa wa yarinya kayan uwarta da nakasasshe a ciki? Ya kai shi rumfa, ya auna tsakiyar da wani kwabon, ya huda shi tsaf, ya gyare bakin hudar da magagari, ya dirje shi da toka da lemun tsami har ya ɗau ƙyalli.

Washegari tsoho ya buɗe darasi na biyu. Ya ce akwai lahanin da ake haifar kwabo da shi tun a gidan buga kuɗi: inji ya buga hoto sau biyu, ko tambari ya goce gefe, ko ya tsallake huda. Irin wannan ba a gyara shi, ko wankewa ba a yi, don lahanin shi ne darajarsa. "Marar huda kuwa," in ji shi, "gemuna ya yi fari ina jin labarinsa, ban taɓa riƙe shi ba." Mai gyara ya sa hannu a aljihu ya fito da aikinsa na jiya. Tsoho ya kai shi kusa da ido, ya ga bakin hudar na sheƙi sabo fil, alhali na sauran kwabbai ya yi duhu da shekaru. A karon nan bai gyara murya ba, ya dai mayar masa a hankali ya ce, "Ai ka mai da shi kamar kowa." Asarar darajar ma da sauƙi. Da Babbar Sallah 'yar ta zo, ta zazzage gwangwanin a cinyarta, ta rufe ido tana lalube da yatsu tana murmushi. Ta lalube, ta sake lalubewa, murmushin ya fara janyewa. "Baba, ina Kurma? Wanda ba a huda wa kunne ba. Shi Inna ke damƙa mini in zazzaɓi ya kama ni, ta ce in riƙe shi har gari ya waye." Sai ya nuna mata wanda ya fi duka ƙyalli. Ta ɗaga shi, ta hango fuskar ubanta ta cikin hudar, ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa ta rufe gwangwanin. "Ya yi kyau, Baba," ta ce, ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe tana hura wutar da tuni ta kama. Shi kuwa ya zauna yana kallon hannayensa. Sun liƙe taya, sun ɗinke sarƙa, sun tayar da kekunan da aka fitar da rai da su, amma ba su san yadda ake mayar da ɗan ƙarfen da ya zube a ƙasan rumfa ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.