Barewar da Ta Tsere wa Baba

Ina da shekara goma sha biyu lokacin. Wata rana da la'asar ina zaune a zauren gidanmu a Bodinga da wayar yayana, ina wasan yaƙi na intanet. A wasan sai ka farauto namun daji ka tara fatunsu kafin a ɗinka wa sojojinka sulke. Saura fata ɗaya ta barewa in cika.

Sai ga Baba ya dawo daga majema. Shi majemi ne, kullum warin bagaruwa da ɗanyar fata na riga shi shigowa. Ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Mi kaka yi?"

Na nuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Ashe sana'armu guda. Ba ni in gwada."

Barewa ta fito, ya danna, wayar ba ta ji ba. Babban yatsansa ya yi kanta, ya bushe kamar ƙirgi. Ya sake dannawa har sau uku, barewa ta shige daji.

Na fizge wayar. Na shinshina ta, sannan na goge fuskarta da bakin rigata, yana kallo.

Ya dubi hannunsa ya ce, "Yi haƙuri, na ɓata maka farauta."

Na girma, na sayi tawa wayar. Har Allah ya yi masa rasuwa bai taɓa ta ba. In 'yan'uwansa na garin Shagari suka kira, sai ya maida hannuwansa baya, ya ce in riƙe masa a kunne.